Dogo, Mai Baki da Gajere

Shekara talatin da ɗoriya ina tsaye gaban injin yanka katako. Yatsuna goma suna nan cif, alhamdu lillahi, kunne ne ya ji jiki. Ban yarda da haka ba sai bara. A ganina mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana, har da masu karanta labarai a rediyo.

In na taso daga shago da yamma, abin da nake so bai wuce in zauna a kujerata ta falo in kunna rediyo ba, matata tana kujerarta bakin taga da zare da allura. Mai labarai ya faɗi ɗaya, ta faɗi uku. Haka muke tun yara suna ƙanana har suka watse gidajensu.

Sai na fara ƙara muryar rediyon, yau kaɗan, gobe kaɗan. Wata rana na waiwaya zan yi mata magana, na ga kujera ba kowa. Ta kwashe ɗinkinta ta koma kicin, ta ja ƙofa.

Na leƙa na ce, "Fushi ake?"

"Wane fushi, baban yara? Kaina ke sarawa. Ka kurmance, ba na so in bi sahu."

"Ni ba kurma ba ne."

"To, rediyon ne kurma."

Wata biyu ina zaune ni kaɗai kamar mai gadi. Da abin ya ishe ni na yanke shawara: lasifikar rediyon ce ta tsufa, zan haɗa tawa da hannuna, mai fitar da magana tas, ta dawo kujerarta.

Shago uku ne tsakanina da mai gyaran rediyo. Dalma muke ce masa, don kullum ƙarfen narka dalma na hannunsa. Shi kuma Zarto yake ce min. Na faɗa masa buƙatata, ya buɗe durowa ya zaro takardu uku da ya sa aka bugo masa daga intanet. Rubutun jikinsu ban iya karantawa ba, amma layi da lamba ba su da yare, kafinta na gani ya gane.

Na farko akwati ne da zai kai min ƙirji, lasifika uku a jikinsa. Na sa masa Dogo. Na biyu rabinsa ne, da rami a gaba inda iska ke fita. Shi ne Mai Baki. Na uku bai kai kamu ɗaya ba, rufe ruf ta ko'ina. Gajere ke nan.

Dalma ya ce, "Falonka taku nawa ne?"

"Ina ruwanka da falona? Dogo zan yi."

"Zarto, tambayarka nake."

"Biyar da huɗu."

"Dogo na zauren taro ne. Ɗauki Gajere."

"Wannan? Ai akwatin sabulu ne. Tunda nake sana'a ban taɓa ganin wanda ya zo sayen kabad ya ce a rage masa girma ba."

"Kabad za ka saurara?"

Na naɗe takardar Dogo na sa aljihu. Ya girgiza kai, ya ce zai haɗa min wayoyi da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, amma in abin ya ɓaci kada in ambaci sunansa ko a mafarki.

Sati biyu na yi a kan Dogo, guda biyu, na dama da na hagu. Na zaɓi katako mai kauri, na goge shi har kana ganin fuskarka. Da na zo kan bayansa, takarda ta ce kauri ɗaya da gaba. Na ce wanda ya zana wannan bai san darajar katako ba. Wa ke kallon bayan kaya? Na yanko fallen katako siriri irin wanda muke rufe bayan kabad da shi, na bi shi da ƙananan ƙusoshi, tak tak tak, na gama.

Ranar da muka shigo da su falo, matata ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Ma sha Allah. Ina ƙofofinsu?"

"Ba kabad ba ne."

"Au. To Allah ya sa alheri."

Na kunna. Farko dai na ji daɗi, don ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafata. Sai bayan Dogo ya fara zuza kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Kofunan tangaran da ke kan kantar falo suka kama rawa. Maƙwabci ya buga bango sau uku. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe min jiki shi ne mai labarai na magana kamar daga cikin rijiya, gum gum gum, ban tsinci kalma ɗaya ba. Na ƙara murya, rijiyar ta ƙara zurfi. Da na waiwaya, ko kicin ba ta tsaya ba, ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabta.

Washegari Dalma ya zo ya zagaya bayan Dogo, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Zarto! Bayan kabad ka yi masa?"

"Wa zai gani?"

"Iska za ta gani. Lasifika tana tura iska gaba tana tura ta baya. Ka ba ta ganga ta kaɗa." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ya ce, "Wannan mai gyaruwa ne. Amma ko ka gyara ba zai yi maka magani ba. Juya min baya."

Na juya. Ya ce in na ji wani abu in ɗaga hannu. Na tsaya shiru, ban ji komai ba. Can na ji wani ɗan cas cas ta hagu, nesa, na ɗaga hannu. Ashe makullansa yake kaɗawa, kuma ya daɗe yana kaɗa su dab da kunnena na dama.

Ya ce, "Injinka ya cinye siririn sauti, ya bar maka mai kauri. Ita kuwa magana, bakin kalmominta a siririn yake. Dogo mai kauri yake ƙara maka. Tuwo kake ƙarawa, miya ce babu."

Ban ji daɗin maganar ba, amma makullai ba sa ƙarya.

"To yanzu wanne?" na ce.

"Ni ba na zaɓa da baki, kuma ba na ɓarnar katako. Samo min kwali biyu."

Haka yake aikinsa, ashe. Kafin ya sa a yanka katako sai ya gwada da kwali. Ya yanka ɗaya daidai awon Mai Baki har da raminsa, ɗaya awon Gajere, ya liƙe su da salatif, ya cusa lasifika. Sannan ya ƙwala wa matata kira.

"Uwar gida, zo ki zauna inda kika saba. Ke za ki riƙe murya. Ki murɗa daidai inda kanki ba zai sara ba. Shi kuma in ya miƙo hannu, ki buge."

"Wannan aikin na iya shi," in ji ta.

Ta murɗa ƙasa ƙasa, har na ce wasa take. Dalma ya ajiye Mai Baki a kusurwa. Kiɗa ya fito da daɗi, ba laifi, amma da aka koma magana rabi nake kamawa rabi na zubewa. Ya cire, ya ɗauko Gajere, ya ɗora shi kan kujerar tsuguno, ya tallafa da bulo biyu har ya zo daidai kunnena na hagu, taku ɗaya daga inda nake. Ya juyo da fuskarsa gare ni.

"Me mai labarai ya ce?" in ji Dalma.

"Ya ce gobe za a yi ruwa da rana, masu tuƙi su yi hattara."

Matata ta kalli Dalma. "Haka ya ce."

"Kin ƙara murya ne?" na tambaye ta.

"Ko taɓawa ban yi ba."

Na dubi Dogo biyu tsaye jikin bango suna sheƙi, na dubi kwalin da aka liƙe da salatif. Na ce, "Akwatin sabulun zan yi."

"Ban ji ba," in ji Dalma, ya kara hannu a kunne.

"Ka ji. Kai ai ba kurma ba ne."

Kwana uku na yi a kan Gajere. Wannan karon na bi takarda kamar ɗan makaranta. Kauri ɗaya gefe shida, gam a kowace gaɓa, ban bar ko kafar allura ba. Dalma ya ce takarda ta ce a cusa abu mai laushi a ciki, matata ta farke tsohon matashi ta ba ni audugar. Na yi masa ƙafa doguwa daidai tsayin da muka auna da bulo. Dogo kuwa na mayar da su shago, suna kusurwa, a kansu nake ajiye gwangwanayen fenti.

Yammar farko ta fito da ɗinkinta ba tare da na kira ba, ta zauna bakin taga. Murya na ƙasa, ina jin kowace kalma. Can na ga bakinta na motsi tana kallona, amma ban ji ba, don tagar tana hannun damana.

"Dawo da kujerarki nan hagu," na ce da ƙarfi.

"Haske na nan. In dawo can in soke yatsa?"

Gaskiyarta. Na tashi na juya tawa kujerar, na ɗauki Gajere da ƙafarsa na sake masa wuri, har ita da shi suka koma hagu gaba ɗaya. Na zauna ina haki.

"To, me kika ce ɗazu?"

Ta ciji zare ta tsinke shi. "Cewa na yi da ka tambaye ni tun farko, da na faɗa maka na daman ne ya mutu. Shekara biyar ke nan in zan roƙe ka abu sai na zagayo ta hagu."