Ranar da Na Tuƙa Irin Kaka

Ni dai a Funtuwa na tashi, kuma a sanina dawa daga buhu take fitowa. Da na gama makaranta sai Baba ya tura ni Ƙarfi, in ɗan taya mahaifiyarsa Kaka Barakatu zama, saboda ciwon gwiwa ya matsa mata.

Kwana uku da zuwana na ɗaura ɗamarar gyaran madafi. A saman murhu na ga zangarniyar dawa kusan ashirin a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi ƙirin. Na ce a raina tsufa ya sa Kaka mantuwa. Tana barcin rana na sauke su, na sussuke, na wanke tas, na kai inji. Da yamma na tuƙa tuwo, ina ta jin kaina.

Kaka ta kai loma uku, ta tsaya. Ta dogara sanda ta leƙa madafi, ta dawo ta zauna.

"Raudatu, irina muke ci?"

Ashe iri ne. Kaura ce da marigayi mijinta ya yi shekaru yana zaɓa, wadda takin gargajiya kaɗai ke isar ta. Hayaƙin da na raina shi ke hana ƙwari taɓa ta. Abin da ya rage a rumbu tun azumi ya ƙare, ga damina saura mako biyu. Wallahi da zagina ta yi da na fi jin sauƙi, amma sai ta ce, "Ci tuwonki, kada a yi asara biyu."

Na ce gobe zan sayo iri a Malumfashi.

"Na kanti? Wancan sai an bi shi da takin zamani. Gonata ba ta san shi ba."

Da safe ta sa na tare mana babur zuwa rugar Malam Jibo, makiyayin da shanunsa ke sauka a gonarta duk bayan girbi. Su ci kara su bar mata kashi, ita kuma ta ba shi dami biyu. A hanya ina ta lissafin cewa wata shida da girbi, ai sun daɗe da cinye damin.

Matarsa Inno ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar birni, to ya daɗin tuwon?"

Ta shiga ɗaki ta fito da zangarniya bakwai, baƙaƙe kamar waɗanda na wanke, ta dubi Kaka.

"Tun mai gidanki na da rai, in ya ba mu dami yakan ce in ware manyan in rataye, ko da wata rana. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa ban fasa ba, in sabo ya zo mu ci tsohon."

Kaka ma ba ta san da wannan ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana shafa su. Ni kuwa kuka na fashe da shi, ina ta jera wa Inno Allah ya saka da alheri.

Da muka dawo gida Kaka ta miƙo mini su, ta nuna saman murhu.

"Hau ki rataye. Ke kika san hanya."