Ɓarin Goro a Kan Allura

Daren jiya ina rufe ido mafarki ya yi awon gaba da ni. Da ma da haushi na kwanta. Ni da ƙanena Nafi'u, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya, mun wuni muna musu a kan garmahon marigayi Babanmu da faifai ɗaya da ya rage, na wani mai garaya. Shi ya dage tarkace ne, waƙar tana nan a memori tas. Da na gaji na ce ya kira ɗan gwangwan da safe ya kwashe.

Sai ga ni a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Faifan yana hammatata. Wata tunkiya mai ba da hannu a titi ta nuna ni da sanda.

"Malam, waƙarka ta yi datti. Wuce ofis."

Shugaban ofishin bunsuru ne mai tabarau, yana cin takardun da aka kawo masa ya sa hannu. Nafi'u na gefensa, ya harɗe ƙafa kamar ofishin gadonsa ne.

"Ranka ya daɗe," in ji Nafi'u, "tawa waƙar an tsince ta, an rege, an wanke. Ta Yaya kuwa shinkafar gida ce, duk tsakuwa."

Na ce, "Shinkafar gida ta fi garɗi."

"Buɗe baki mu ga haƙoran," in ji bunsurun. Ban buɗe ba.

Aka ce masu waƙar su fito da kansu. Daga memori mai garaya ya fito fes, cikin shadda mai sitati, ba gumi ba haki. Ya rera waƙar daga farko har ƙarshe bai kalli kowa ba. Tsakani da Allah muryarsa garau take, har kaɗawar farcensa a kan tsirkiya na ji, abin da ban taɓa ji ba. Kunya ta kama ni, amma na murtuke fuska.

Daga faifaina ma shi ɗin ne ya fito, buɗu-buɗu da ƙura, wani ƙas-ƙas na biye da shi kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Ya fara lafiya lau. Da ya iso inda faifan ya karce sai ya maƙale: "Ina nan tafe, ina nan tafe, ina nan tafe."

"Tun yaushe yake tafe?" in ji bunsurun.

"Tun ina yaro, ranka ya daɗe."

"A goge shi."

Aka shigo da dutsen guga na gawayi, tunkiyar na hura shi.

Can sai na ji jan silifas ɗin da na sani. Baba ne ya taso yana dafe da gwiwa, yadda yake tasowa daga tabarma duk lokacin da faifan ya maƙale. Ya ɓare goro, ya ɗora ɓari ɗaya a kan hular mai garaya, kamar yadda yake ɗorawa a kan allurar garmahon don ta yi nauyi.

"To, mun ji. Ƙaraso mana."

Mai garaya ya wuce wurin, ya ci gaba da waƙarsa.

Baba ya juya wurin na memori, yana jira shi ma ya yi tuntuɓe. Bai yi ba. Baba ya tsaya da ɗaya ɓarin a hannu, ya rasa inda zai ajiye.

"Wannan ba ya bukatata," ya ce, ya nufi ƙofa.

In aka goge karcen nan, ba abin da zai sake taso da Baba. Na buɗe baki in hana, sai kukan akuya ya fito. Bunsurun ya ce hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta makara. Dutsen guga ya sauko, kwaram.

Na farka. Ashe baron ɗan gwangwan ne ya daki ƙyauren gida. Nafi'u ya leƙo ɗaki.

"Yaya, ga mutumin ya iso."

"Ba shi haƙuri, mun fasa. Kai kuma je ka sayo mana goro."

Ya buɗe baki zai ja musu, sai idonsa ya sauka a kan garmahon.

Na ce, "Fari za ka sayo."

"Haba Yaya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ja Baba yake ɗorawa."