Agogo a Kan Tebur

A asibitin da take aiki, Sista ba ta shakkar kowa. Likita ma in ya yi kuskure, har ofis take bin sa ta faɗa masa ido da ido. Amma yau ga ta a ɗan ɗakin mai sulhu, fanka na ta kuka a sama, ta takure a gefen tebur, don mijinta ne a kujerar da ke dab da tata.

Aure dai ya riga ya mutu. Abin da ya rage shi ne wa zai riƙe 'yarsu, wadda suke kira Tsuntsuwa saboda cin abincinta tsinci-tsinci ne.

Yayar Sista ta so a ɗauki lauya. Kawunsu ya yi tsalle ya dire, wai lauya tonon asiri ne, masu mutunci zama suke yi su fahimci juna. Kawu dai bai taɓa kwana a gidan aurenta ba, shi ya sa bakinsa ke da ƙarfi.

Mai sulhun mutumin kirki ne, shi ne ma abin haushin. Ƙa'idarsa ba ɗan rakiya, saboda haka Yaya da yarinyar suna waje a kan benci.

"Ni ba na kowa ba ne," in ji shi. "Ku za ku yi magana, nawa saurare."

Mijin ya fara, muryar nan tasa ta gaban baƙi, mai laushi. Ya yabi Sista, sannan ya ce abin tausayi, aikinta na kwana ne, wa zai zauna da yarinya? Gara ta zauna wurinsa, uwar ta riƙa zuwa gani.

Tana da amsa, tun a mota take maimaita ta. An mayar da ita aikin rana. Kuma akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: yarinyar nan da ta ji ƙarar motar ubanta, bayan ƙofa take ɓuya.

"Malam," ta ce, "gaskiyar magana ita ce..."

Sai mijin ya kwance agogon hannunsa a hankali, ya kife shi a kan tebur.

A gida, duk lokacin da zai doke ta, agogon yake fara cirewa don kada gilashin ya fashe. Ko kallonta bai yi ba, murmushi ma yake yi.

"Madalla," in ji mai sulhu yana dariya. "An ajiye agogo, ba mai gaggawa ke nan. Ina jin ki."

Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ke sa mutum ya manta shekarunsa da aikinsa. Da lauya ne a gefenta, shi zai miƙe ya yi magana, agogo ba zai hana shi ba. A nan kuwa bakinta kaɗai gare ta.

"Malam, ko zan iya ganin ka ni kaɗai?"

"A'a, 'yar'uwa, sai ya zama na fifita ki. Faɗi komai a gabansa. Ba abin da zai same ki a nan."

A nan ɗin ta yarda. Amma fita za ta yi, kuma mijin ya san ƙofar asibiti, ya san gidan Yaya.

"To, kin amince da abin da ya kawo?" in ji mai sulhu.

Ta dubi agogon. "Na amince."

Mai sulhu ya ce ya daɗe bai ga waɗanda suka rabu cikin mutunci irin haka ba. Suka sa hannu. Mijin ya mayar da agogonsa, har da buɗe mata ƙofa.

Yaya ta miƙe tana tambayar ta da ido. Tsuntsuwa ta sheƙo ta rungume ƙafar uwar, sannan ta leƙo. Ba fuskar ubanta ta duba ba, hannunsa ta duba.

"Umma, kar ki ji tsoro," ta raɗa mata. "Bai cire agogon ba."

Ashe ita ma ta sani. Sista ta waiwaya, mai sulhu ya riga ya kira na gaba, ƙofar ta rufe.

Uban ya miƙo hannu. "Ɗauko jakarki, mu tafi gida."