Rigar Ɗan Azumi a Kan Gwafa

Duk mai haƙar rijiya a ƙasar Madarumfa ya san ka'ida ɗaya: idan mutum zai shiga rami, sai ya tuɓe rigarsa ya rataya a gwafar bakin rijiya. Wanda ya hango riga daga nesa ya san akwai rai a ƙarƙashin ƙasa, ba ya koro shanu ta wurin, ba ya daka kusa. Ko yaron goye ya san wannan. Amma wai sai ga manyan mutane masu ilimi, masu kamyo huɗu, wato manyan motocin kaya, da injuna, sun zo ba su sani ba.

A ranin 1957 suka sauka gabas da tafkin Madarumfa. Wani kamfanin Nasara ne mai aikin neman man fetur. Shi kansa ba ya haƙar mai, ba ya sayarwa. Masu neman man ne ke ɗauko shi ya saurara musu cikin ƙasa. Aikinsu ke nan: su ja layi miƙe da jajayen tutoci, su fafe rami, su cusa nakiya, su shimfiɗa waya a ƙasa, su fasa. Girgizar da ƙasa ta yi sai wani inji a cikin kamyo ya zana ta a doguwar takarda. Babbansu wani Bature ne da mutane suka laƙaba wa Mai Agogo, don ko ruwa zai sha sai ya duba hannunsa. Shugaban leburori kuma tafinta shi ne Lawali, Bahaushe ɗan Damagaram, wanda ya yi shekara tara yana bin kamfanin, kuma bai bar kowa ya manta da haka ba.

A lokacin Illo da ƙanensa Ɗan Azumi suna haƙa wa mutanen wani ƙauye rijiya a hanyar Safo. Sun kai gaba goma sha ɗaya, ƙasa ta fara danshi. Ranar wata Laraba da hantsi Ɗan Azumi yana ciki da dagi, rigarsa na kan gwafa, Illo yana riƙe da igiya yana jawo kwandon ƙasa, sai ga Lawali da gardi biyu, masu tsaron kamfani.

"Kai mai rijiya, matsa can bayan tsamiya. Za a fasa."

"Shef, akwai mutum a ciki. Ga rigarsa nan. Bari in fito da shi."

Lawali ya dubi rigar. Ya gan ta sarai, kuma ya san ma'anarta, don ba a Faransa aka yanke masa cibiya ba. Amma ya waiwaya ya hango Mai Agogo tsaye ya ɗaga hannu yana kallon agogo, ga kuma fito da mutum daga gaba goma sha ɗaya ba aikin minti biyu ba ne.

"Ba abin da zai same shi. A Gabon kusa da gidajen mutane muka fasa. Ku janye shi."

Gardi suka fizge igiyar daga hannun Illo, suka ja shi yana turjewa yana kiran sunan ƙanensa. Aka fasa. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta da ƙashi. Illo yana kallo bakin rijiya ya motsa, ya zube ciki gaba ɗaya, ƙura ta tashi. Gwafar kaɗai ta tsira, da rigar a kanta.

Kwana uku mutanen ƙauye suna tono, duk abin da suka kwashe sai rairayi ya mayar. Suka haƙura.

Mutuwa dai ba baƙuwa ba ce, da a nan abin ya tsaya da wataƙila Illo ya haɗiye. Abin da ya ƙona masa rai shi ne abin da aka yi a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, a Maradi. Lawali ya tsaya gaban kumandan, ya ƙeƙashe ido, ya ce ba kowa a rijiyar. Ya ce ya bincika, Ɗan Azumi ya tafi cin rani Katsina kamar sauran samarin ƙasar, wan nasa kuwa sharri yake yi wa kamfani. Kumandan ya rubuta, ya buga hatimi, magana ta mutu. Tir da baki irin wannan.

Kuma ƙarya fure take, amma wannan ta so yin ƴaƴa. Da aka kwana biyu sai aka fara ƙus-ƙus a kasuwa: wa ya ga gawa? Hajara, matar marigayin, tana cikin takaba, wata ta shigo gaisuwa ta ce mata ta dai yi a hankali, kada mijinta ya dawo da damina ya tarar an raba gadonsa. Ranar Hajara ta kira Illo bakin zana.

"Yaya, kai kaɗai ka ji muryarsa ta ƙarshe. Ka gaya mini gaskiya, yana ciki?"

"Yana ciki, Hajara."

"To a kawo mini rigarsa mana."

"Rigar tana nan inda ya rataye ta. Ba zan sauke ta ba sai na ga mutanen nan sun nemi abin da suke so a cikin ƙasa sun rasa. Ki ba ni lokaci."

Bayan sadakar bakwai Illo ya wanke fuska, ya tafi sansanin kamfani, ya durƙusa gaban Lawali ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, shi yanzu aiki yake nema. Lawali ya yi murna ƙwarai. Ina abin da ya fi a ce wan mutumin da kansa yana cin tuwon kamfani? Nan take ya ɗauke shi lebura.

Da fari Illo wuƙa yake tunani, ba sai an ɓoye ba. In ya ga ƙeyar Lawali sai hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi. Amma mai haƙar rijiya ba ya gaggawa, wanda ya yi gaggawa a sana'ar nan ba ya tsufa. Ya zuba ido ya ga me mutanen nan suke ƙauna. Ba leburori ba, don wani ya karye a ƙafa washegari aka sa wani. Ba kamyo ba, ɗaya ya lalace suka aika aka kawo sabo. Lawali ne da bakinsa ya nuna masa, wata rana yana cika baki a inuwar gawo.

"Kai ka ɗauka ƙaramin kamfani ne? Shekara talatin muna wannan aiki. Maroko, Aljeriya, Gabon, har ƙasar Larabawa. In Mushe Mai Agogo ya mutu yau, jibi an aiko wani. Ni ma haka. Abin da ba a aikowa shi ne waccan." Ya nuna doguwar takarda da aka shanya a igiya, mai zane-zane kamar sawun tururuwa. "Kowace fashewa da tata takarda, ba ta da ta biyu. Ita masu neman mai ke jira. Mushe ba ya yarda da ɗan aike, da hannunsa zai kai su in rani ya ƙare."

Illo ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Shef." A ransa kuwa ya ce, na gode.

Takardun a akwatunan katako ake jera su, in akwati ya cika a buga masa ƙusa. Da suka fara yawa Mai Agogo ya ce a gina musu ɗaki mai sanyi, kada zafin tanti ya ɓata su. Wa ya san ƙasa irin mai haƙar rijiya? Illo aka ba aikin. Ya zagaya sansanin yana ƙwanƙwasa ƙasa da dagi, har ya zo gindin wata kuka inda aka taɓa rushe suri shekarun baya. Sama lumui, ba alama. Ƙasa kuwa gari ne guda na gara, shi ya ji haka a hannunsa. Ya ce nan ne wuri mafi sanyi, kuma bai yi ƙarya ba.

Duk macen da ke kiwon zabi a ƙasar nan ta san yadda ake kiran gara don ƴan tsaki: busasshen kashin shanu, guntayen kara, tsumma, a yayyafa ruwa, a kife kasko a kai. Kafin gobe sun cika shi. Haka nan duk manomi ya san rumbu kan duwatsu ake ɗora shi, a barbaɗa toka ƙarƙashi. Illo ya gina ɗaki kyakkyawa, amma daɓen da kashin shanu da kara ya kwaɓa shi, ya shafe sama sumul. Ba dutse, ba toka. Ya jera akwatunan a ƙasa daram, ya ce don kada su faɗo. Kullum da azahar, lokacin da Nasara ke barcin rana, sai ya ɗebo ruwan tafki tulu biyu ya yayyafa a ɗakin. Har Mai Agogo ya dafa kafaɗarsa wata rana ya ce wa Lawali wannan lebura ya san aikinsa.

Lawali fa ɗan manomi ne, da ya leƙa sau ɗaya da idon gida da ya gane. Amma shekara tara cikin takalmi sun sa ya daina kallon ƙasa.

Wata huɗu Illo yana shayar da gara. Wani lokaci in ya shiga shi kaɗai sai ya kara kunne jikin akwati, ya ji ɗan ƙas-ƙas a ciki, ya yi murmushin da ba na daɗi ba. In ya tashi aiki ya bi ta rijiya, ya gyara wa rigar zama. Rana ta cinye launinta, iska ta yage hannu ɗaya.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas, aka jawo kamyo bakin ɗaki don a loda. Akwati goma sha bakwai. Leburori biyu suka kama na farko suka ɗaga, sai gindinsa ya zauna a ƙasa, saman ya taho a hannunsu kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya zubo jar ƙasa ce da gara fari fat suna ɗiban gudu. Mai Agogo ya ture su, ya fasa na biyu da ƙafa, ya fasa na uku. Ya durƙusa yana tona ƙasar da hannu biyu, yana tsinto guntaye da ba su kai tafin hannu ba, suna marmashewa a yatsunsa. Illo ya tsaya yana kallon yadda yake tonon. Ya san irin wannan tono, shi ma ya yi shi kwana uku.

Bature ya miƙe, fuska ja wur, ya fara da Lawali. Ko wanda ba ya jin Faransanci ya gane shekara tara sun ƙare a wurin. Sannan ya nuna Illo yana ihu, Lawali ya juya magana.

"Mushe ya ce kai ka gina ɗakin nan, kai ke shiga kullum. Ina takardunsa?"

Leburori sun yi cirko-cirko, masu tallan fura sun matso, har da gardin nan biyu. Illo ya gyara tsayuwa, ya yi magana a hankali yadda na baya ma zai ji.

"Shef, gaya masa ba kowa a cikin akwatin. Na bincika. Sun tafi cin rani Katsina."

Mai Agogo ya daka wa Lawali tsawa, ya ce ya juya masa abin da aka ce, shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya kasa.

"Juya masa mana," in ji Illo. "Ai ka iya faɗarta da Faransanci. A gaban kumandan ba ka yi in'ina ba."

An kai ƙara Maradi, amma wa zai ɗaure gara? Kumandan ya ce a ƙasar nan ko takardun biro ba su tsira ba. Kafin shuka kamfani ya kwashe tutocinsa, Lawali kuma aka bar shi a tasha da ƙullin kayansa, ba wanda ya ce masa sauka lafiya.

Ran da kamyon ƙarshe ya wuce, Illo ya tafi rijiya da hantsi, mutanen ƙauye suka biyo shi, har da matar da ta ce wa ya ga gawa. Liman ya yi addu'a. Illo ya sauke rigar, ya kakkaɓe ta, ya ninke. Ya yi zaton zai ji sanyi a ransa, kuma ya ji, amma bai kai yadda ya zata ba. Ya kai wa Hajara bakin zana, ta karɓa da hannu biyu, ta sa fuskarta a ciki.

"Ba ta ƙanshinsa, Yaya," ta ce. "Ta daɗe a rana."