An Sayar Da Takwaran Jariri

Aikin Lukman a jami'ar da ke Wudil shi ne hana mutane magana. A ɗakin karatu yake, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma yana zagaya tebura da yatsa a baki, ɗalibi ko tari ya yi sai ya sha harara. To duk maganar da ya tara a cikinsa tun safe ba ta da masauki sai gindin darbejiyar Garzali mai faci, can kusa da gada, inda 'yan majalisa ke zama bayan la'asar su raba wa Turawa dukiyarsu.

A majalisar nan ba wanda ya taɓa wuce Kaduna in ban da Dokta Sharhabilu mai koyar da lissafi, shi ma Umara ce ta fitar da shi. Amma in suka fara "mun saya", "mun sayar", "ba za mu biya ba", baƙo sai ya ɗauka kuɗin a aljihun wandonsu yake. Lukman ɗan Koraye ne, wani kulob na Turai da 'yan gari ke kira haka saboda launin rigarsa. Garzali kuwa ɗan Farare ne, abokan gabar Koraye na tun kaka da kakanni. Shekara goma sha biyu suna abota, ba su taɓa yarda da juna a kan fanareti ɗaya ba.

Bakin Lukman ne ya ja masa. A wasan ƙarshe na kakar da ta wuce, ɗan wasan gaban Koraye, Ja'afar Tunkara, wanda ke faɗuwa sujada duk lokacin da ya ci, ya zura ƙwallo a minti na casa'in da uku ya ba su kofi. Lukman ya haye benci a gidan kallo, ya cire hula ya yi jifa da ita.

"Wallahi tallahi, in matata ta haifi namiji, Ja'afar ne sunansa!"

Shaidu sun fi arba'in, kuma Garzali yana sahun gaba.

Abin da shaidun ba su sani ba, akwai wata magana a gida da ta riga wannan. Mairo, matar Lukman, ba mai roƙo ba ce. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa cewa a saya mata ko ɗankwali ba. Mahaifinta, Malam Abdulbaƙi na Achika, ya rasu a daminar bara. Manomi ne da kowace kaka yake ɗauro buhun gero a bayan keke ya kawo musu, ya sauke a zaure, ya sha ruwa a tsaye ya juya, don kunyar gidan suruki. Har yanzu a zuri'arsa ba a samu namijin da za a mayar da sunansa ba. Su Lukman ma mata biyu ne da su, Nafisa da Bilkisu.

Sau ɗaya Mairo ta faɗa, tana tsince shinkafa, ba ta ma ɗago kai ba.

"Baban Bilki, in Allah ya ba mu namiji, da ka mayar mini da sunan Baba."

"Allah dai ya sauke ki lafiya," in ji Lukman, idonsa a kan waya. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar wata Asabar a watan Agusta, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Mairo ta haifi namiji a asibiti. Aka miƙo wa Lukman jariri ya yi masa huɗuba. Ya waiga gado, ya ga idonta a rufe, gajiya ta kwantar da ita. Ya yi kiran salla a kunnen dama, ya yi iƙama a na hagu, sannan ya sunkuya ya raɗa: "Sunanka Ja'afar." Zuciyarsa ta ɗan sosa shi, amma ya lallashe ta. Ja'afar sunan sahabi ne, wa zai ce an yi laifi? Malam kuma ai haihuwa ba ta ƙare ba, na gaba nasa ne.

Ranar Litinin jita-jita ta ɓulla. A lokacin ba a wasa, kasuwar 'yan wasa ce ke ci, wato watannin da masu kallon ƙwallo ba su da ƙwallon kallo sai junansu. Lukman ya iso majalisa da cingam da dabinon sanar da suna, ya tarar da Garzali yana dariya har da riƙe ciki, taya a gabansa ya manta da ita a cikin ruwa.

"Angon ƙarni! Barka, barka. Ya mai jego? Ya ɗanmu?"

"Ɗanku kuma?"

"Au, ba ka ji ba? Mun taya Tunkara. Mutanenka sun ce mu ƙara kaɗan su sallama."

"Labarin ƙanzon kurege," in ji Lukman. "Mu sayar muku da Tunkara? Sai dai mu sayar da filin wasan."

Ranar Laraba aka sallama. Har an yi gwajin lafiya, har ya rattaba hannu. Maimakonsa Koraye suka ɗauko yara biyu 'yan shekara sha takwas da ba wanda ya iya faɗin sunansu, da mai tsaron raga na uku, alhali biyun da suke da su ba wanda ya yi ko mura. Ranar nan majalisa ta cika har mai rake ya matso da baronsa.

"Wannan ba ciniki ba ne, hauka ne!" Lukman yana tsaye, jijiyar wuya ta fito. "Ana tsakiyar damina ka kwance rufin ɗakinka ka sayar wa maƙwabci, ka sayo ƙofa ta uku? Gola uku! A raga za mu jera su kamar shanya?"

Dokta Sharhabilu ya gyara tabarau. Shi ma ɗan Koraye ne, amma irin masu son kulob da kalkuleta.

"Malam Lukman, ka ajiye son zuciya. Shekararsa talatin da ɗaya, gwiwar hagu an yi mata aiki sau biyu. Je ka kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a ka tambayi kowane dillali: sa ana sayar da shi yana da tozo, ba a jira sai ya fara tari. Mun yi dabara."

"Ƙwallo ashirin da shida ya ci mana, Dokta!"

"Tara fanareti ne."

"To yanzu fanaretin ma wa zai buga muku?" Garzali ya tsoma baki. "Mu dai mun gode. Allah ya ƙara muku irin wannan dabara."

Aka yi ta yi har aka kira magariba. Wasu suka ce koci ne ba ya son yaron, wasu suka ce mai kulob ɗin ne ke gina otal. Lukman ya tsaya a kan cewa tilas aka yi wa Tunkara, an sa masa wuƙa a wuya, yana can yana kuka a ɗakinsa. Da wannan ya samu barci. In an zalunci mutum, ai sa wa ɗanka sunansa ma lada ne.

Ranar Alhamis Garzali bai bari Lukman ya zauna ba, ya miƙa masa waya. Ga Tunkara cikin farar riga, haƙora talatin da biyu a waje, ya kama tambarin Farare ya sumbata, yana cewa tun yana yaro yake mafarkin wannan rana. Kalma ɗaya bai canza ba daga abin da ya faɗa shekara biyar da suka wuce, ranar da ya sa koriya. Lukman ya kalla sau biyu. Abin ya yi masa ciwo na gaske, irin ciwon da mutum ke jin kunyar faɗa a gida.

"Kada ka damu, mutumina," in ji Garzali. "Na ba tela ɗinki. 'Yar farar riga, lamba tara, Ja'afar a baya. Jibi zan kawo wa ɗanmu. Makaranta ma in ya shiga, ɗan Farare za a riƙa ce masa har ya yi gemu."

"Ba zan sa sunan maci amana ba."

"Ka rantse, muna wurin."

"Kuma har na yi masa huɗuba," Lukman ya faɗa a sanyaye, ya zauna a kan tsohuwar taya.

Nan majalisa ta rikiɗe ta koma zauren fatawa. Dokta ya ce huɗuba yarjejeniyar baka ce, ba a rattaba hannu sai ranar suna, saboda haka kasuwa a buɗe take har safiyar Asabar. Rantsuwa kuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma. Garzali ya ƙirga kawuna.

"Mu tara ne. Ga mai rake, ya cika goma. Ni da naman kai za a sa mini."

Ranar Juma'a a kara, Lukman yana ɗaure ragon suna a bayan a-daidaita-sahu, ya hangi wani tsoho yana tura keke da buhu a baya. Sai Malam Abdulbaƙi ya faɗo masa. Faɗuwa ta zo daidai da zama! Ga suna a ajiye, mai tsabta, wanda ba za a taɓa sayar da mai shi ga Farare ba. Kafin su haye gada Lukman ya riga ya shawo kan kansa cewa dama can abin da ke ransa ke nan. Har ƙwalla ya yi, mai a-daidaita ya ɗauka tsadar rago ce.

Safiyar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan Achika suka iso a kan babura, ƙafar wando duk taɓo. Aka raba goro da alawa, liman ya karkato kunne, Lukman ya raɗa masa. Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya:

"Sunan yaro Abdulbaƙi! An mayar da Malam! Allah ya raya!"

Guɗa ta tashi a cikin gida, sai kuma kuka ya biyo ta. Ƙanen marigayin, wani dattijo, ya kama hannun Lukman da hannu biyu ya kasa saki.

"Ka haifu, yaro. Ba mu roƙa ba ka yi mana. Yadda ka tuna da shi, Allah ya sa a tuna da kai."

Lukman ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, yana cewa ai ba komai, ai Malam uba ne. Daɗi ya cika shi fal. Ya saci kallon Garzali, ya gan shi yana cusa 'yar farar riga a aljihu, fuska ba annuri. Ko ranar kofi bai ji irin wannan nasara ba.

Da mahauci ya fara fiɗa, Lukman ya leƙa ciki ya karɓi sauran yabonsa. Mata suna tsakar gida a kan tandar waina. Mairo na ɗaki ita kaɗai, jariri a cinya, ta sha lalle, idanunta sun yi ja.

"Na gode, Baban Bilki. Allah ya saka da alheri."

"Haba, ai ni dama tun farko..."

"Kada ka ƙarasa. Yanzu aka shafa fatiha." Ta gyara wa yaron hula. "A asibiti idona ne a rufe, kunnena a buɗe yake."

Lukman ya jingina da bango.

"Tun ranar Litinin nake kunna labarin wasanni a rediyo," in ji ta. "Ni da ban san mutum nawa ke buga ƙwallo ba. Ina wankan jego ina roƙon Allah ya sa Farare su ƙara kuɗi. Ranar Laraba da aka ce an sallama, Inna ta ga ina kuka, ta ɗauka ciwo ne." Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. "Shekara tara yana turo maka gero daga Achika. Sai da wani ya tashi sannan aka ba shi wuri. A benci ka ajiye mini Baba."

Mutumin da ya yi kwana huɗu yana ba Turawa amsa a bakin gada, sai ga shi a gaban matarsa yana kallon ƙasa. Kunya ta rufe shi, ta gaske, ba irin ta tabarma ba.

Sai ga Inna, mahaifiyar Mairo, ta ɗaga labule tana share ido da gefen mayafi. Lukman ya durƙusa. Ta sa masa albarka har sau uku, sannan ta karɓi jariri.

"To, Mairo, ni da ke dai ba mai iya kama wannan suna a bakinsa. Wace alkunya za a yi masa? Abba ko Baffa?"

"Tunkara," in ji Mairo.

"Tun me? Wane ne kuma haka?"

"Wani bawan Allah ne, Inna. Shi ya yi mana hanya aka samu sunan. Wanda ya yi maka alheri ai ba ka manta shi."

"Allah sarki. Allah ya biya shi," in ji Inna. Ta fita tsakar gida tana jijjiga yaro. "Ku zo ku ga Tunkara! Tunkara na Malam!"

Mata suka ɗauka, yara suka fita da shi a guje har ƙofar gida. Lukman yana durƙushe inda Inna ta bar shi ya jiyo muryar Garzali a bakin zaure, yana rangaɗa sallama da ƙarfinsa, yana cewa a miƙa wa mai jego wannan 'yar riga.