Ranar da Aka Ari Direba

Direba ya daɗe da ajiye tuƙin bas ɗin cikin gari, amma har yau ba mai kiransa da wani suna sai Direba. Yana da lafiyarsa daidai gwargwado, yana da 'ya'ya da jikoki, sai dai abu ɗaya da ya tsaya masa a maƙogwaro. Shi da ƙanensa Gajere, bakanike, suna gaba tun wani zaɓe da aka yi shekarun baya. Musu ne ya haɗa su a kan 'yan takara biyu, wannan ya ce nasa ne zai gyara ƙasa, wancan ya ce nasa ne, magana ta yi tsami, aka tashi baram-baram. Gajere ya aurar da 'yarsa, Direba ya tura iyalinsa shi ya zauna a gida yana sauraron rediyo. Aka yi wa Direba aikin ido, Gajere ya aiko da sannu ta bakin maƙwabci.

Yanzu kuma labari ya iso cewa ƙarshen wata Gajere zai tattara ya koma wurin ɗansa a wata ƙasa mai nisa, kuma a shekarunsu ba a cika sa ran dawowa daga irin wannan tafiyar ba. Direba yana son ya yi magana da ƙanensa kafin ya tafi. Ta inda zai fara ne bai sani ba. An ce girman kai rawanin tsiya, shi kuwa nasa ya naɗu da kyau.

Autarsa tana aiki a laburaren gari. Wata yamma ta same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar tabarau da zare.

"Baba, ranar Asabar za ka zo wurin aikinmu. Za ka zama littafi."

"Zan zama me?"

"Littafi. Shiri ne muke yi a kan zaman ƙasa, mun sa masa suna Me Ya Haɗa Mu. Maimakon mutum ya ari littafin takarda, sai ya ari mutum ɗan uwansa, su zauna rabin awa ya yi masa tambayoyi."

"In ya gama fa?"

"Sai ya mayar da kai."

"Ya mayar da ni ina?"

"Kan kantar littattafai mana, Baba."

Direba ya dube ta ta saman tabarau, yana neman alamar ko aiki ne ya fara taɓa mata kai. Har ya buɗe baki zai ce a kai kasuwa, sai ta ƙara da cewa, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Baffa Gajere ma zai zo." Direba ya ci gaba da naɗe zarensa. Can ya tambaya ƙarfe nawa ake buɗewa.

Ranar Asabar ya sa rigarsa mai guga ya tafi. Zauren karatun dogo ne, fankoki na juyawa a sama, kantocin littattafai jere har ƙurya, wurin yana warin tsohuwar takarda da man goge ƙasa. An ture teburan tsakiya, an jera kujerun roba a jikin bango. A bakin ƙofa wata mata mai tabarau da sarƙa ta tare shi. Ita ce shugabar laburaren, ma'aikatanta suna kiranta Madam Shiru a bayan idonta. Ba muguwa ba ce. Matsalarta ɗaya, ta yi rabin rayuwarta tana jera littattafai, har ta kai duk abin da aka miƙa mata sai ta nema masa fanni da gurbi, ko da mutum ne mai rai da numfashi.

"Sana'a?" ta tambaya cikin raɗa.

"Na yi ritaya."

"Kafin nan."

"Tuƙi."

Ta rataya masa wani kwali a wuya, an rubuta Sufuri, ta kama hanya yana biye da ita. Suka wuce wata ma'aikaciyar jinya a ƙarƙashin Lafiya, suka wuce tsohon malamin makaranta a ƙarƙashin Ilimi, da ɗan kwana-kwana da mai sharar titi da aka haɗa su a Hidimar Jama'a, kowa zaune ƙyam, hannuwa a kan gwiwa. Kujeru biyu ne a Sufuri. Gajere na zaune a kan ɗaya, da kwalinsa a wuya.

Direba ya ja ya tsaya. Shi a lissafinsa Gajere zai zo ne a cikin jama'a, su haɗu a bakin ƙofa kamar ba da niyya ba, a yi tari, a yi gyaran murya, magana ta ɓalle da kanta. Bai shirya wa zama kafaɗa da kafaɗa ba. Gajere ya rame, furfura ta cinye masa kai, amma baƙin man inji na nan a gefen faratansa. Ya ɗaga kai yana kallon fanka kamar shi aka kira ya gyara ta.

Madam Shiru ta tsaya a tsakiya ta karanto dokoki da muryar da sai an kasa kunne. Littafi ba ya magana sai an are shi. Mai karatu ke tambaya, littafi ya ba da amsa. Ba a aro sai da katin laburare. Ba a fita da littafi waje.

Direba ya zauna. Ya hango Auta can bayan teburin aro tana cizon yatsa, ya gane ita ta ƙulla wannan haɗin, kuma dokar shugabarta ta warware mata shi. Ya jira Madam ta juya baya, ya yi gyaran murya.

"Gajere..."

Bai san ta ina ta ɓullo ba. Sai ganinta ya yi a gabansa, yatsa a kan leɓe.

"Ranki ya daɗe, ƙanena ne."

"A nan littafi ne. Ka taɓa ganin littattafai suna hira a kan kanta?"

"To in ina son magana da shi fa?"

"Sai ka are shi."

"Na are shi."

"Littafi ba ya aron littafi."

Kan Direba ya ɗaure tamau. An tara mutane don a tattauna abin da ya haɗa su, kuma ga shi an haɗa shi da wanda suka fito ciki ɗaya an ce kada ya yi masa magana. Ya saci kallon Gajere ko zai ga alamar dariya a fuskarsa. Gajere dai fanka yake kallo.

Jama'a suka fara shigowa. Suna tafe a hankali suna karanta kwalayen da ke wuyan mutane, suna ɗan karkata kai irin na mai neman littafi. Aka ari ɗan kwana-kwana tun da wuri. Aka ari ma'aikaciyar jinya, aka dawo da ita, aka sake aronta. Wani ya tsaya a gaban Sufuri, ya dubi Direba, ya dubi Gajere, ya wuce. Abin mamaki sai Direba ya ji haushin wucewar, shi da bai so a are shi ba tun farko.

Can wani magidanci mai jakar hannu ya nuna shi. Auta ta zo ta raka su wani ƙaramin tebur a bayan kantar jaridu, tana kauce wa idon ubanta. Mutumin ya gyara zama.

"Baba, a matsayinka na ɗan ƙasa, me kake ganin ya haɗa mu?"

"Mu da wa?"

"Mu duka. 'Yan ƙasa."

Direba ya gyara zaman tabarau. Shi abin da ya sani, mutane sukan cika masa bas da safe, su yi faɗa a kan taga, wannan na son a buɗe wancan na son a rufe, in taya ta faɗa rami kuma su haɗu su zage shi baki ɗaya. Ya faɗi hakan don ba shi da wani abin faɗa. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai kamar an ba shi wata babbar hikima, abin da ya ƙara rikita Direba ke nan. Aka tambaye shi haƙƙin ɗan ƙasa, aka tambaye shi makomar matasa. Yana amsawa da ka, hankalinsa na can kan kujerar roba. Kafin rabin awar ta cika ya yanke shawara.

Da aka dawo da shi kujerar Gajere ba kowa. Ko an are shi ne, ko ya gaji ya tafi, Direba bai sani ba, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya cire kwalin daga wuyansa ya nufi Madam Shiru.

"Na fasa zama littafi. Mai karatu nake son zama."

Ta dubi kwalin, ta dube shi. Ta ce a iya saninta littafi bai taɓa cire kansa daga kanta ba, amma ba ta san dokar da ta hana ba. Ta tura shi wani ɗan ofis a ƙarshen baranda inda ake yin kati. A can aka zaunar da shi a gaban farin bango, aka ce ya cire tabarau, aka ce ya mayar, aka ɗauke shi hoto yana zare ido. Ya fito da kati mai ɗumi a hannu ya shiga layin teburin aro.

Mutum biyu ne a gabansa. Na gaban ya gama ya tafi. Sai a lokacin Direba ya lura da ƙeyar na biyun, ƙeyar da ya sani tun yana goya mai ita. Ba kwali a wuyan Gajere. Ya ajiye sabon kati a kan tebur ya ce da Madam Shiru, murya ƙasa-ƙasa, "Wancan na Sufuri nake so. Babban."

"Ba ya nan. An cire shi daga kanta."

"Ya tafi gida?" Muryar Gajere ta ɗan karye.

"Yana bayanka, shi ma aro ya zo yi." Ta leƙa ta kafaɗarsa. "Kai kuma wanne kake so?"

Direba ya nuna bayan Gajere da katinsa.

"Shi ma an cire shi."

Gajere bai juyo ba. Madam Shiru ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a sarƙa. Ga masu karatu biyu da kati ingantacce, ga fannin Sufuri wayam, kuma kowane ɗaya littafin da yake nema shi ne ɗayan. Ta ce mai karatu ba ya aron mai karatu. Ta ƙara da cewa dole ɗaya ya koma kanta. Auta ta sunkuyar da kai tana jera katunan da suke a jere.

Kowa a cikinsu ya san abin da komawar ke nufi. Wanda ya zama littafi shi za a titsiye, shi zai amsa duk abin da aka tambaya. Direba ya tuna bikin da bai je ba. Shi ne babba, a ganinsa shi ya kamata ya yi tambaya. Amma ya ji yadda muryar Gajere ta karye, kuma ƙarshen wata ba nisa. Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin daga kan tebur ya rataya wa kansa.

Suka zauna a ƙaramin teburin bayan kantar jaridu. Gajere ya yi ta juya katinsa yana kallon hoton da ke jiki. Direba ya shirya wa tambayar biki, ya shirya wa tambayar zagin da ya yi a ranar musun, har ya fara haɗa amsa.

"Yaya," Gajere ya ce, "ranar zaɓen nan, ka je ka jefa ƙuri'a kuwa?"

Direba ya taɓa kwalin wuyansa. Ƙarya na nan kusa, amma ya ga ba ta da amfani.

"Na je. Na tarar da layi har bakin titi, ga rana. Na ce bari in je gida in dawo." Ya shafa gwiwarsa. "Ban dawo ba."

Gajere ya ajiye katinsa a kan tebur.

"Ni mota aka kawo mini gareji da sassafe. Ban ma fita ba."

Direba ya rasa abin da zai yi, dariya ko kuka. Shekaru sun tafi, 'yar da ya yi wa wasa tana jaririya an kai ta ɗakinta ba ya wurin, duk a kan mutum biyu da ba wanda ya samu ƙuri'ar ko ɗaya daga cikinsu. Baƙin ciki ya cika shi, tare da wani sauƙi da bai san daga ina ya zo ba. Gajere ya sa bayan hannu ya goge ido, ya ce fankar nan ce ke hura masa ƙura. Daga nan ya tambayi idon da aka yi wa aiki, Direba ya tambayi mijin yarinyar, duk da littafi ba ya tambaya.

Ba su ankara ba sai ga Madam Shiru a kansu da 'yar ƙararrawa.

"Lokaci ya yi."

"A ƙara mini," in ji Gajere.

"Ba a ƙarawa in wani na jira. Akwai wata malama a layi, tana son ta tambaye shi muhimmancin fita zaɓe."

'Yan'uwan suka dubi juna. Gajere ya miƙe, ya kama hannun yayansa ya tashe shi, ya nufi ƙofa da shi, kwalin na lilo a ƙirjin Direba. Madam Shiru ta biyo su da sauri, karo na farko a ranar muryarta ta fito sosai har mutane suka ɗago.

"Malam, ba a fita da wannan waje."

Gajere bai saki hannun ba.

"Ki rubuta ya ɓata," ya ce, ya tura ƙofar da kafaɗa.