Minti Huɗun da Yazidu Ya Yanke

Hawa ce ta fara gane an taɓa fim ɗin. Shekararta bakwai, kuma in uwarta ta kunna mata fim ɗin jirgin taurari a waya, ko ƙiftawa ba ta yi. Cikin jirgin akwai wata ɗiyar maƙera mai gyaran inji a can ƙasa, wadda manyan jirgin ba su cin abinci da ita. Hawa ma ɗiyar maƙeri ce, kuma a lakwal, wato makaranta, akwai yaran da ke janye kwanonsu in ta matso.

"Inna, kapiten ta ce a kirawo ta sama, sai kawai aka nuno yaƙi. Ba ta tahi ba?"

Uwar, Halimatu Sa'adiya, ta maida fim ɗin baya har sau biyu. Hoton na tsalle, kiɗan na gutsurewa a tsaka. Da Hawa ta tahi lakwal, ta goya ƙaramin ɗanta, ta ja mayafi, ta nufi rumfar Yazidu, mai tura wa rabin Dakoro fina-finai a kat ɗin waya.

Hantsi ne, fadarsa ta masu shan shayi cike, buta bisa gawayi. Mamani mai dafa shayi bai ko ɗaga kai ba, ya ga mutum ya tsaya sai ya miƙa kofi. Halimatu ta karɓa. A wannan fada, wanda ya karɓi kofin farko ba a sallamarsa sai an sha na uku, sai dai ba su taɓa yin dokar da tunanin mace ba. Ta ja benci ta zauna.

"Yazidu, mi ka cire a kashi na tara?"

"Minti huɗu ne, yaya. Kapiten ta zaunar da yarinyar, suka ci kwano guda. Fada ce ta ce a cire."

"Ni na ce," in ji Kimba, mai gyaran babur. "Jirage muka zo kallo, ba wa'azi ba. Da can harbi ne da taurari. Yanzu kowane kashi sai sun koya muna zaman duniya, kamar ba mu da iyaye."

"Kai dai tun da mace ta hau kujerar kapiten ka daina cin tuwo," in ji Halidu, malamin lakwal, wanda suke ce wa Mushe. Aka kwashe da dariya.

"Mushe, ka bar ni," in ji Kimba. "Gobe yara su tashi ba su san babba ba!"

Halimatu ba ta ɗaga murya ba. "Ni ban zo gyara muku fada ba. Ɗiyata ta yi wata biyu tana jiran a kira yarinyar nan sama. Abin da ya ishe ka, Kimba, ita ba ta taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya."

Ta shanye, ta mayar. Kofi biyu ne kaɗai a fadar, suna zagayawa. Mamani ya cika wanda ta sha, ya miƙa wa na gefenta, kamar kullum. Kimba ne. Ya dubi kofin, ya dubi Halimatu, matar Intalla maƙeri, wanda ya ƙera masa rabin kayan aikinsa.

"Yana hucewa," ta ce.

Kimba ya kurɓa, ya ɓata rai. "Sukari ya yi yawa. Kuma har yanzu na ce fim ɗin ya lalace."

"Ka ce. Yazidu, ga kat."

Yazidu ya tura cikakken. Ya miƙo mata, ba ta tashi ba. Ta sa kat a waya, ta nemo wurin, ta ƙure sauti, ta kalli minti huɗun nan daga farko har ƙarshe don ta tabbata ba a rage komi ba. Kimba na kallon titi, amma bai matsa ba.

Da na uku ya zo ta sha, ta gyara goyo, ta kama hanya da sauri, don an kusa tashi daga lakwal.